Wai mai shiru-shiru shi ne mai hankali?

Malamar Hausa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma ba ta jarrabawa ba ce, kowa ya saki jiki. Na ba 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare aiki su rubuto min siffofin yaro mai hankali. Kusan bakinsu ɗaya: ba ya surutu, ba ya musu da manya, in an aike shi ba ya ƙunƙuni, yana gaisuwa a durƙushe. Ko ɗaya babu wanda ya ambaci tunani ko hango abin da aiki zai haifar. Yaran nan kuwa a gida suka ji, ba su suka ƙirƙira ba. To haka kalmar take tun fil azal, ko mu ne muka tsuke ta har ta koma ladabi kawai? Ni dai a sanina in aka ce mutum ya yi aiki da hankali, ana nufin ya auna kafin ya aikata.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam Malama. Ni ban ga laifin yaran ba. Ai Bahaushe ba ya fasa kan mutum ya leƙa, a jiki yake ganin hankali. Yaron da ya iya bakinsa a gaban manya, ya san inda zai zauna da lokacin da zai tashi, ai ya auna ɗin ke nan. Ladabi ɗan hankali ne. Duk inda kika ga ɗan, uban na kusa.

Maman Walida:
Yaya Bakatsine, wani ɗan fa maraya ne. Na sha ganin mai durƙuso har ƙasa wanda in ka ba shi jari yau, jibi sai labari.

Direban Hayis:
Hajiya kin fara da zafi tun ba a yi nisa ba.

Ɗan Zaure:
Bismillah. Malama, Allah ya ƙara basira, tambayar tana da kyau. Kalmar dai daga Larabci take, aƙlu. Malaman lugga suna danganta ta da iƙali, wato igiyar da ake yi wa raƙumi dabaibayi da ita. Daga tushen nan ne hadisin da Tirmizi ya rawaito ya zo, inda wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ke nan tun a can akwai ma'anar kamewa a ciki, abin da ke riƙe mutum kada ya afka inda zai halaka. Ta nan maganar Malam Bakatsine tana da madafa.

Amma akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. A cikin Alƙur'ani gaba ɗaya kalmar ba ta zo a matsayin suna ba ko sau ɗaya. Aikatau ce take zuwa, sau 49, irin su ya'aƙiluna da ta'aƙiluna, wanda masu tafsiri ke fassara mana da "ashe ba za ku hankalta ba?" Kuma ku duba wuraren da take zuwa: a dubi sama da ƙasa, a dubi ruwan da ke rayar da ƙasa bayan mutuwarta, a dubi sassaɓawar dare da rana. Har da zargin masu cewa mu dai abin da muka tarar da iyayenmu a kai shi za mu bi, aka ce ko da iyayen nasu ba sa hankaltar komai? Wannan yana Baƙara, aya ta 170. To kun ga a nan hankalta aiki ce da mutum ke yi da kansa, ba zama shiru ba.

Bakatsine:
Allah gafarta Malam, wancan kafirai ake magana a kansu. Kada a ɗauko aya a ba yaran zamani su riƙa yi wa iyayensu tsaurin ido.

Ɗan Zaure:
Haka ne, da su ake, kuma ban ce kowa ya saɓa wa iyayensa ba. Ma'anar kalma kawai nake nunawa.

Baba Tela:
Ku bari tsoho ya sa baki. Ni ban yi zurfi a boko ba, a zaure ma iyakata Ishmawi, amma na daɗe ina yaye yara a shago.

Wata shekara ana saura kwana kaɗan Sallah, aiki ya yi mana yawa, sai na bar wa yara biyu yanka na tafi jana'iza. A littafin awo, ni da hannuna na rubuta tsawon wandon wani Alhaji 24 maimakon 42. Gaggawa ce ta sa na juya lambar. Kala biyu ya kawo, shadda mai tsada, kowane yaro na ba shi ɗaya. Na farkon yaro ne da duk unguwa ake kwatance da shi, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Ya duba littafi, ya ga 24, ya shimfiɗa shadda, ya ja alli, ya sa almakashi. Na biyun kuwa ɗan surutu ne, kullum sai na ce masa ya rufe mana baki. Shi da ya ga lambar sai ya tsaya. Ya duba awon rigar, ya ga ta babban mutum ce, ya tuna Alhajin da ya zo dogo ne har sai da ya sunkuya a ƙofar shago. Ya ninke shaddar ya ajiye, ya kama aikin kalmasa har na dawo. Ina shigowa ya tare ni da littafi, ya ce Baba wannan wandon na Alhaji ne ko na jikansa?

Da na tambayi na farkon me ya sa bai tsaya ba, sai ya ce shi ma ya ga abin da mamaki, amma ya ji nauyin ya ce na yi kuskure. To Malama, ga amsarki nan a teburin yanka. Wanne ne mai hankali a cikinsu?

Maman Walida:
Baba Allah ya ƙara girma. Ka gama magana.

Bakatsine:
Baba ranka ya daɗe, ai shi ma na biyun da ladabi ya tambaya. Bai yanka yadda ya ga dama ba, jira ya yi ka dawo. Da ya ce shi ya fi ka sani ya yanka 42 da kansa, da ni ba zan kira shi mai hankali ba, ko da ya dace.

Baba Tela:
Wannan kuma gaskiyarka. Da ya yanka da kansa da mun ɓata, don watakila 40 nake nufi. Tsayawar ita ce abin.

Ɗalibin Harshe:
Malamaina ku ba ni dama. Game da ko hankali da ladabi abu ɗaya ne: akwai ɗan littafin da wani Bature mai suna Kirk-Greene ya wallafa a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Ya jero halaye goma, kuma hankali daban ya sa shi, ladabi daban, kunya daban, hikima daban, haƙuri daban. Ba wai Bature ne zai koya mana Hausa ba, amma daga bakin Hausawan lokacin ya tattaro, kuma da su abu ɗaya suke nufi da bai wahalar da kansa ya raba ba. Mu ma a maganarmu ta yau da kullum muna cewa "yarinya mai hankali da ladabi". Da ɗaya ne, me ya kawo "da" a tsakani?

Sai batun hanyar da kalmar ta bi ta iso mu. Barebari suna cewa hangal, Fulani hakkiilo, Zabarmawa lakkal, Bambara hakili, Sawahili akili. Duk gida ɗaya suka fito. Tamu ta fi kama da ta Barebari, ga h a farko ga n ɗin nan a tsakiya, shi ya sa ni nake kyautata zaton ta Borno ta biyo. Wani masanin harshe, Greenberg, ya yi rubutu a 1960 yana nuna kalmomi irin su karatu da rubutu ta wurin Barebari muka same su, don haka hanyar sananniya ce. Abin sha'awa kuma, mun sake aro ta a karo na biyu kai tsaye daga littafi, shi ne malamai ke cewa baligi aƙili. Waccan ta tsaya a bakin malamai, hankali kuwa ta shiga kasuwa da kicin.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne ɗalibi. Nan wajenmu in Bazabarme ya ce maka lakkal, ba ka buƙatar tafinta. Amma ni abin da ke ba ni mamaki, kalma guda ta ɗauki kaya da yawa haka. Hankalina ya tashi. Hankalina ya kwanta. Ya ɗauke mini hankali. Mai da hankali. Ja hankalinsa. Hankalina ya rabu biyu. Hankalina ya yi gida. Kar ka raina mini hankali. Duka waɗannan babu ladabi ciki ko kaɗan. Wani abu ne da ke cikin mutum, yana tashi yana kwantawa, ana jan shi ana ɗauke shi.

Malamar Hausa:
Madalla Ɗan Maraɗi, ka taɓo inda nake so. Ku lura da "tashin hankali". Da ita muke kiran damuwar mutum ɗaya a ɗakinsa, da ita kuma rediyo ke kiran rikicin da ya ci gari. Kamar Bahaushe na cewa faɗa ba ya ɓarkewa sai hankulan mutane sun bar mazauninsu. Shi ya sa ma ake cewa tashin hankali ba a sa maka rana.

Direban Hayis:
Ni nawa ɗan kaɗan ne. Kullum sai fasinja ya ce min "direba a hankali", yana nufin in rage gudu. In na rage kuma wani daga baya ya ce yau sai dare za mu isa Zariya. To amma duk wanda ya san titi ya san ba kullum sannu-sannu ce hankali ba. In ka fito za ka wuce tirela, ka riga ka shiga hannun masu tahowa, sai ka ce za ka bi a sannu, ai ka kashe mutane. A nan hankali shi ne ka duba tun kafin ka fito, in ka fito kuma ka taka ka wuce. Mutanenmu sun haɗa "a hankali" da "sannu" har sun ɗauka duk mai sanyin jiki mai hankali ne.

Bakatsine:
Direba, ku ne dai kullum da hujjar gudu.

Direban Hayis:
Yaya, shekara nawa ina kai ku Katsina lafiya, ban ji ka sauka a hanya ba.

Maman Walida:
Bari in faɗi abin da ya sa maganar nan take min zafi, don kada a ce faɗa nake nema da Yaya Bakatsine.

Da mahaifinmu ya rasu, aka zauna rabon gado a tsakar gida. Ga baffanninmu a kan tabarma, ga mu mata a bakin ƙofar ɗaki. Aka lissafo gida da shago, aka ce gonar bayan gari tun yana raye ya sayar. Ni kuwa ni nake yi masa ajiyar takardu a ƙarshen rayuwarsa, kuma da damina ta ƙarshe da kuɗina aka sayi takin da aka zuba a gonar. Na gaishe su, na ce Baffa don Allah wa ya saya, kuma su wa suka shaida? Wallahi iyakar abin da na ce ke nan, ban ɗaga murya ba. Sai aka yi tsit. Wata gwaggonmu ta jawo ni ciki tana cewa ke ba ki da hankali ne, ana maganar manya kina tsoma baki? Dubi ƙaninki yadda ya yi shiru, yaro mai hankali.

Ƙanin nawa daga baya shi ya zo yana min godiya, don da aka matsa sai ga gona ta dawo cikin lissafi. Amma har yau a dangi sunana marar hankali, shi kuma mai hankali. To ku gaya min, wannan kalma ba sanda aka mai da ita ba? In ana so yaro ko mace ta yi shiru, sai a ce yi hankali. In aka zo binciken aure aka ce yarinyar tana da hankali, sau da yawa abin da ake nufi shi ne ba za ta tambaya ba.

Bakatsine:
Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku. Abin da aka so yi muku zalunci ne, ba na goyon baya. Amma ni da ke ce, da na samu babban baffan a keɓe bayan an tashi. Tambayarki daidai ce, wurin ne bai dace ba. Kin kunyata dattawa a gaban 'ya'yansu. Sanin wuri ma ai yana cikin hankali.

Maman Walida:
Yaya, a ranar za a sa hannu a takarda. In aka tashi an gama. Wane keɓewa kuma?

Bakatsine:
To ban san da wannan ba.

Ɗan Zaure:
Hajiya tana da hujja a shari'a ma. A Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, an hana a miƙa wa wawaye dukiya, sannan aka ce a jarraba marayu, in an ga shiriya a tare da su a ba su dukiyarsu. Malamanmu na Malikiyya da suka zo bayanin wannan shiriyar, iya tattalin dukiya suka duba. Ba a ce a duba wanda ya fi sunkuyar da kai ba. Wanda za a ce masa gonarku ta tafi ya ce to, bai nemi shaida ba, ai shi ne abin a ji wa tsoro.

Kuma Malama, don kada a ɗauka kalmar ba ta da ma'anar tunani tsantsa a Hausa: duk wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ya san hukuncin hankali kashi uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi. Abin da hankali ba zai ɗauki rashinsa ba, da abin da ba zai ɗauki samuwarsa ba, da wanda duka biyun za su yiwu. Da Hausa ake fassara mana wannan tun kafin a kafa makarantar boko a ƙasar nan. Har yau in aka kawo maka labarin ƙanzon kurege kana cewa hankali ba zai ɗauka ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Sannunku. Ina karantawa tun ɗazu, sai yanzu na samu sarari. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma mu shi ya fi damunmu a wurin aiki. Kalmar da muke zagi da ita, ita muke kiran cuta da ita. "Ba shi da hankali" zagi ne, "yana da taɓin hankali" kuma rashin lafiya ne, amma a kunnen mutane duk ɗaya ne. Sai ka ga mace ta haihu, ta daina barci, ta daina cin abinci, kullum kuka, ka ce a kai ta ta ga likitan ƙwaƙwalwa, mijin ya ce matata da hankalinta, ba mahaukaciya ba ce. Kuma gaskiya ya faɗa, da hankalinta sarai, ta san kowa ta san komai, ciwon damuwa ne ke cin ta kuma yana da magani. A Kano da ka ambaci Dawanau, ko a Sakkwato ka ce Kware, inda asibitocin ƙwaƙwalwa suke, an gama fassara ka. Shi ya sa da yawanmu muka koma cewa lafiyar ƙwaƙwalwa, don a samu mutane su zo. Ko dokar ƙasa sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Lauyan Unguwa:
Nas ta yi gaskiya. A kotu ma ba halin mutum ake aunawa ba in ana maganar hankali. Tsohon kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, sashe na 50, ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba a kama shi da laifi. Daga 7 zuwa ƙasa da 12 kuma sai an duba ko fahimtarsa ta kai ya gane abin da ya aikata da abin da zai haifar. Sashe na 51 shi ya yi maganar wanda cuta ta hana shi sanin abin da yake yi. Kun ga ma'aunin ke nan, sanin aiki da sakamakonsa. Ɓarawon da ya shirya sata tsaf mai hankali ne a gaban alƙali, shi ya sa ma ake ɗaure shi.

Ɗan Zaure:
Daidai da fiƙihu. An ɗauke alƙalami a kan mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Kuma Baba Tela da ya ce iyakarsa Ishmawi, ai ya wuce babin abubuwan da ke warware alwala, ya ga gushewar hankali ta hanyar barci mai nauyi ko suma ko maye ko hauka.

Ɗan Maraɗi:
To Barista, ɓarawon nan naka mu wayo muke ce ma nashi. Gizo duk tatsuniya ya fi kowa wayo, amma ban taɓa jin wata tsohuwa ta ce Gizo na da hankali ba. Mai wayo ya san yadda zai samu. Ko ya kamata ya samu ɗin, wannan bai dame shi ba.

Lauyan Unguwa:
Na karɓa. Hankalin kotu daban, na tsakar gida daban. Akwai kuma na uku, wanda ake cewa "za mu koya maka hankali". Wannan ban taɓa ganin an koyar da shi da alli da allo ba.

Mai Kula da Zaure:
Barista a tsaya nan, kada a shiga siyasa. Na goge sharhi biyu na masu zagin juna a ƙasa. Muhawara a kan hankali ake yi, don Allah.

Malamar Hausa:
Yaya Bakatsine, tambaya ɗaya gare ka. Karin maganar nan da ake cewa hankali ke gani, ido gululu ne, da wadda ake cewa mai hankali shi ke gane furfurar farar tunkiya, ina ladabi a cikinsu? Duka biyun ganewa suke nufi. Kakanninmu da suka yi su ba 'yan boko ba ne.

Bakatsine:
Malama ban musa ba. Abin da nake tsoro shi ne ku koya wa yara cewa duk mai tambaya shi ne mai hankali. Ku shiga sharhin Facebook ku gani, yaro ɗan shekara 20 yana yi wa sa'an kakansa rashin kunya da sunan yana da hujja. In aka cire kamewa daga hankali, abin da ya rage kaifin baki ne. Ni a kan wannan nake, ba zan sauka ba.

Maman Walida:
Ba wanda ya ce a cire. Cewa muka yi kada a bar ta ita kaɗai. Kuma Yaya, har yanzu ba ka ce min mai hankali ba fa.

Bakatsine:
Hajiya, wadda ta dawo da gona ai ba ta buƙatar shaidata.

Direban Hayis:
Baba Tela, ni fa tun ɗazu abu ɗaya ke cina. Shaddar Alhaji da aka yanka 24, wa ya biya? Kuma ka kori yaron?

Baba Tela:
Ni na biya mana, ai rubutuna ne. Na koma Kwari na nemo irinta da kyar, wandon kuma na ƙarasa shi na ba wani ɗan maƙwabci ya yi Sallah da shi. Yaron ban kore shi ba, yana nan, yanzu ma ya fi kowa iya surfani a shagon. Almakashi ne dai ban sake ba shi ba sai ina tsaye.